Me ya sa likitana bai gaya mini akwai aikin hular ƙarfe ba?

Tambaya: Shekaruna 47. Ciwon kwatangwalo na dama ya hana ni sakat, hoto ya nuna amosani ya cinye guringuntsin gaɓar. Likita ya ce sai an sauya gaɓar gaba ɗaya. Daga baya na gani a intanet akwai wani aiki, risafesin, wato aikin hular ƙarfe, wanda aka yi wa ɗan wasan tanis Andy Murray har ya koma fili. Likitana ko ambatonsa bai yi ba. Ɓoye mini ya yi, ko kuwa aikin ne ba shi da kyau?

Amsa: Malam, sannu da jiki, Allah ya ba ka lafiya. Da yawa daga cikin masu kawo mini wannan tambayar ba a bakin likita suka fara jin labarin aikin ba. A intanet suka gani, ko a labarin wasanni, ko wani da aka yi wa ya ba su labari. A matsayina na likitan ƙashi wannan yana damuna, domin mutum yakan shigo ko dai bai taɓa jin aikin ba sam, ko kuma ya ji rabinsa mai daɗi ya ƙwallafa rai. Ba na zaton likitanka ya ɓoye maka da wata manufa, kuma aikin ba na banza ba ne. Aiki ne mai kyau ƙwarai ga mutane kaɗan a hannun likitoci kaɗan, yana kuma iya zama masifa ga wanda bai dace da shi ba. Namiji ɗan shekara 47 mai amosanin gaɓa yana cikin waɗanda ya kamata a yi wa maganar, ko da ƙarshenta a ce masa bai dace da shi ba.

Gaɓar kwatangwalo abu biyu ce: kan ƙashin cinya mai siffar ƙwallo, da kwarmin da yake zaune a ciki a jikin ƙashin ƙugu. Guringuntsi mai santsi ne ya lulluɓe su duka. Idan ya ƙare, ƙashi ke gugar ƙashi. Idan muka fito da irin wannan kan a ɗakin tiyata, za ka ga samansa ya yi sumul, rawaya-rawaya, yana ƙyalli saboda guga, gefensa kuma sabon ƙashi ya yi tsiro barkatai. Amma sau da yawa ƙarƙashin wannan lalataccen saman ƙashin yana nan da ransa da ƙarfinsa. Daga nan tunanin aikin hula ya samo asali.

A cikakken sauyi, ana yanke kan da mafi yawan wuyan ƙashin a fitar, a fafe ramin ɓargo na ƙashin cinya, a zura doguwar ƙafar ƙarfe, a ɗora mata ƙwallo mai faɗin milimita 28 zuwa 36 galibi. Kwarmin kuma a sa masa kofi mai shimfiɗar roba mai ƙarfi ko tangaran. A aikin hula ba a yanke kan. Ana fere 'yan milimitoci ne daga samansa, a daidaita siffarsa, a kifa masa hular ƙarfen kobalt da kuromiyam mai ɗan gajeren tsinke a tsakiya, kwarmin kuma a sa masa siririn kofin ƙarfe ba tare da roba ba. Kamar dai yadda likitan haƙori yake fere ruɓaɓɓen haƙori ya kifa masa hula maimakon ya cire shi. Abu biyu mutane ke yawan fahimta a baibai. Ba ƙaramin aiki ba ne. Yankan ma yakan fi na cikakken sauyi tsawo, domin kan da aka bari yana tare wa likita hanya zuwa kwarmi. Sannan ƙashin da ake tanadi na ɓangaren cinya ne kawai, kwarmi kam ana fafe shi a duka biyun.

Shirun likitanka yana da tarihi, kuma sai ka san tarihin za ka yi masa adalci. Tunanin hula ya girmi cikakken sauyin da muka sani yau. John Charnley na Ingila ya gwada shi a shekarun 1950 da robar Teflon, ya lalace, daga baya a 1962 ya fito da tsarin da ya zama tushen sauyin gaɓa na zamani. A shekarun 1970 Wagner a Jamus, Amstutz a Amurka da Freeman a Landan suka sake gwadawa da hular ƙarfe a kan kofin roba. Babbar hula ba ta barin wuri sai na siririyar roba, robar ta riƙa cinyewa, ɓurɓushinta ya riƙa narkar da ƙashi, aka watsar da aikin. Derek McMinn ne a birnin Birmingham ya farfaɗo da shi a 1991 da ƙarfe kan ƙarfe, kuma a 1997 shi da Ronan Treacy suka fara amfani da samfurin hular ƙarfe mai suna BHR. Sakamakonsu a samari ya yi kyau sosai. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da BHR a 2006, kuma a wannan lokacin kusan ɗaya cikin kowane aikin kwatangwalo goma a Ingila da Wales na hula ne.

Nan ne abin ya ɓaci. Kamfanoni suka yi rububin fito da nasu samfurin, likitocin da ba su goge ba suka shiga yi, aka riƙa yi wa kowa, mace da namiji, mai babban ƙashi da mai ƙarami. Samfurin ASR na kamfanin DePuy kofinsa bai da zurfi sosai, sai hular ta riƙa gugar bakin kofin tana zubar da ƙurar ƙarfe cikin jiki. A watan Agusta 2010 aka janye shi daga kasuwa bayan an dasa kimanin 93,000 a duniya, na hula da na cikakken sauyi. Alƙaluman rajistar gaɓoɓi ta Ingila da Wales, wato kundin da ake rubuta ayyukan sauyin gaɓa da sakamakonsu, sun nuna kusan 12 cikin 100 sun buƙaci sake aiki cikin shekara 5 kacal. A 2013 kamfanin ya amince da biyan diyyar kimanin dala biliyan 2.5 a Amurka. A 2012 mujallar likitanci ta Lancet ta buga nazarin wannan rajistar da ya nuna aikin hula yana lalacewa a jikin mata fiye da kima. A 2015 kamfanin Smith & Nephew, mai BHR, ya daina sayar da hula mai milimita 46 zuwa ƙasa, ya kuma ce kada a yi wa mata. Yau aikin bai kai ɗaya cikin ɗari ba a Ingila.

Saboda haka likitan da ya yi horonsa bayan 2010 mai yiwuwa bai taɓa ganin an sa hula ba, amma ya ga ana cirewa. Wanda ya taɓa buɗe irin wannan ƙugun ya ga ruwa toka-toka ya kwararo, naman da ke kewaye da gaɓar ya yi baƙi, tsokar da ke riƙe mutum idan ya tsaya da ƙafa ɗaya ta mutu ta saki ƙashi, ba zai yi garajen ba wa wani shawarar ƙarfe kan ƙarfe ba. Ina ganin wannan tsoron yana da hujja. Inda nake da ja shi ne kuɗin goron da aka yi, aka haɗa samfuri mai kyau da marar kyau, wanda ya dace da wanda bai dace ba. Rajistocin Ostireliya da Ingila sun nuna cewa a maza masu ƙarancin shekaru, masu amosanin gaɓa da babban kan ƙashi, waɗanda aka sa wa BHR, kusan 95 cikin 100 suna nan da gaɓarsu bayan shekara 10. Wannan ya yi daidai da ma'aunin da hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta kafa a 2014, cewa kada sake aiki ya wuce 5 cikin 100 a shekara 10.

To wa ya dace da shi? Namiji, galibi ƙasa da shekara 60 zuwa 65, mai ƙarfin ƙashi, wanda amosani ne ya ci gaɓarsa, kan ƙashinsa babba ne, ƙodarsa lafiya lau, kuma jikinsa ba ya ƙin ƙarfe. Girman kan ba ƙaramar magana ba ce. Tsakanin hula da kofi akwai siririn ruwan gaɓa da ke shiga ya raba su yayin motsi. Idan hular babba ce, milimita 50 zuwa sama, ruwan yana shimfiɗuwa da kyau, kofin kuma yana rufe ta sosai, ko an ɗan kauce wajen zaunar da shi ba lallai a sami matsala ba. Idan ƙarama ce, kuskure kaɗan ya isa ya mai da nauyin jiki kan bakin kofin, ruwan ya tsinke, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa mata suka fi shan wahala: ƙashinsu ya fi ƙanƙanta, an fi samun kwarmi marar zurfi tun haihuwa a cikinsu, ƙashi kuma yana laushi bayan ɗaukewar al'ada. Ga mai shirin haihuwa akwai ƙarin damuwa, domin kobalt da kuromiyam suna ratsa mabiyiya su kai ga jariri.

Akwai rukunin da raina ya fi sosuwa a kansu, wato samarin da kan ƙashinsu ya mutu saboda yankewar jini, ko dai ta dalilin sikila, ko daɗewa a kan magungunan sitiroyid, ko yawan shan barasa. Su ne suka fi ƙarancin shekaru, su ne suka fi son a bar musu ƙashinsu, amma hula sai a kan rayayyen ƙashi take zama. Idan babban ɓangaren kan ya mutu, ko yana da manyan ramuka a ciki, zai ruguje a ƙarƙashin hular. Mai sikila kuma ƙodarsa tana iya raunana da tafiyar shekaru, alhali ƙoda ce ke tace ƙarfen da ke shiga jini. Irin waɗannan cikakken sauyi ne ya fi musu. Haka ma wanda ƙafarsa ɗaya ta gajarce sosai, domin hula ba ta ba wa likita damar daidaita tsawo kamar yadda ƙafar ƙarfe take bayarwa.

Idan ka shiga rukunin da ya dace, ga abin da za ka samu. Tunda hular girman kan ƙashinka take, gocewar gaɓa ba kasafai take faruwa ba, kuma yawancin likitoci ba sa hana tsuguno ko tanƙwashe ƙafa bayan an warke. Nauyin jiki yana bi ta wuyan ƙashi yadda aka halicce shi, shi ya sa ƙashin wurin ba ya yawan zaizayewa. Babu ƙarfe a cikin ramin ɓargo, don haka gudu da tsalle da aikin ƙarfi ba sa girgiza wani abu a can. Idan kuma wata rana aka sake aiki, ramin ɓargon yana nan ba a taɓa shi ba. Wannan na ƙarshen yana da nauyi a shekarunka. Wani nazari da Lancet ta buga a 2017 ya nuna namijin da aka yi wa cikakken sauyi yana ɗan shekara 50 zuwa 54, kusan uku cikin goma za a sake musu aiki a rayuwarsu, alhali wanda ya haura 70 kusan 5 cikin 100 ne.

Sai dai kada in sayar maka da abin da ya fi ƙarfin hujja. A 2012 mujallar BMJ ta buga gwajin da jami'ar Warwick ta yi a kan mutum 126, aka raba su ta hanyar ƙuri'a tsakanin aikin biyu, bayan shekara guda ba a ga wani bambanci bayyananne ba a yadda gaɓar ke aiki. Ma'ana, idan burinka ka yi barci ba ciwo, ka yi tafiya, ka hau bene, ka tuƙa mota, ka koma aikin ofis, cikakken sauyi zai ba ka duk wannan. Ga shi kuma robar da aka fara sawa a kofin cikakken sauyi tun ƙarshen shekarun 1990 tana jure guga ninkin ta da, wanda ya rage ƙarfin hujjar cewa saurayi zai cinye gaɓarsa da wuri. Bambancin yana fitowa ne a can sama, wajen mai gudu, mai wasan motsa jiki, mai aikin ɗaukar nauyi. Murray da ka ambata yana da shekara 31 aka yi masa aikin a Landan cikin Janairu 2019, a Oktoban shekarar ya ci gasar Antwerp a Beljiyam, ya ci gaba da wasa har 2024. Abin a yaba ne. Amma bai sake komawa sahun goma na farko a duniya ba, kuma yana da masu gashin ƙashi da masu horo da ba su da wani aiki sai jikinsa. Labarinsa ya nuna iyakar abin da hula za ta iya ɗauka, bai nuna cewa kowa ya kamata a yi wa ba.

Haɗari biyu ne na wannan aikin shi kaɗai. Na farko karayar wuyan ƙashi, wadda ke samun kamar mutum 1 zuwa 2 cikin 100, galibi a watannin farko. Tana faruwa idan ƙashin yana da laushi, ko na'urar ferewa ta ɗan ciji gefen wuyan, ko hular ta zauna a karkace, ko jinin kan ya yanke lokacin aiki. Idan ta faru sai a koma cikakken sauyi. Shi ya sa ake hana gudu da ɗaukar kaya masu nauyi na wata 6 zuwa shekara, ko da mutum yana jin garau.

Na biyu shi ne ƙarfe a jiki. Duk mai hula kobalt da kuromiyam na jininsa suna ɗan hawa, kuma idan gaɓar tana aiki daidai sukan tsaya ƙasa ba tare da cutarwa ba. Hukumar MHRA mai kula da magunguna da kayan asibiti ta Burtaniya ta sa kashi 7 cikin biliyan a jini a matsayin iyakar da idan aka haura sai a zurfafa bincike. Idan guga ta yi yawa, jiki yana mai da martani da kumburi da ƙullutu mai ruwa a gefen gaɓar, wanda ba ciwon daji ba ne amma yana kashe tsoka da ƙashi, wani lokacin ma ba tare da ciwo ba. Idan ƙarfen ya yi mugun yawa, abin da ba kasafai ake gani ba, yana iya taɓa zuciya da ji da gani. Don haka mai hula yana tare da asibiti har abada: gwajin jini lokaci-lokaci, hoto, da na'urar MRI ko sikanin idan aka ga alama. Ciwon matsematsi, kumburi, ƙara ko ƙas-ƙas a gaɓar, ko sabon ɗingishi, duk ba abin jira ba ne. Idan inda kake zaune ba a iya auna kobalt a jini, ko za a yi maka aikin a nesa ka dawo babu mai bibiyarka, a ganina wannan kaɗai ya isa ka haƙura da hula.

Sai maganar hannun da zai yi. A cikakken sauyi, idan kofi ya ɗan kauce, sau da yawa robar tana yafewa. A hula ba haka ba ne. Ana so kofin ya kwanta a kusurwar digiri 40 zuwa 45. Idan ya miƙe ya haura 55, guga a bakin kofi ta fara ke nan tun daga ranar farko. Nazarce-nazarce sun nuna karayar wuya da kuskuren zaunar da kofi sun fi yawa a ayyukan farko na likita kafin hannunsa ya faɗa. Ni dai zan fi son a yi wa ɗan'uwana cikakken sauyi a hannun wanda yake yinsa kowane mako, a kan a sa masa hula a hannun wanda yake yi jefi-jefi. Ka tambayi duk wanda ya ce zai yi maka: guda nawa yake yi a shekara, wane samfuri yake sawa, shekara nawa samfurin ya yi a rajista, mutum nawa cikin nasa aka sake wa aiki, kuma wa zai riƙa auna jininka bayan shekara 5 da 10. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin. Zai kuma nemi izininka tun kafin a shiga cewa idan ya buɗe ya tarar kan ya rube fiye da yadda hoto ya nuna, zai juya zuwa cikakken sauyi nan take. Wanda ya yi maka alƙawarin hula ko ta halin ƙaƙa, ka yi hattara da shi.

Za ka kuma ci karo da labarin hular tangaran, irin su H1 da aka fara gwadawa a Imperial College ta Landan a 2017, da ReCerf. Manufarsu a kawar da matsalar ƙarfe a kuma buɗe wa mata da masu ƙaramin ƙashi ƙofa. Sakamakon farko yana da ƙarfafa gwiwa, amma ba su yi shekarun da BHR ya yi a jikin mutane ba, kuma ba ko'ina ake samunsu ba.

Game da ko ya kamata a gaya maka, ra'ayina eh. A 2015 kotun ƙolin Burtaniya, a shari'ar Montgomery, ta yanke cewa wajibi ne likita ya sanar da majiyyaci manyan haɗurran aiki da sauran zaɓuɓɓukan da suka dace da hankali. Dokar tasu ce, amma ƙa'idar ta dace da kowane ɗakin ganin likita. Rashin iya wani aiki ba laifi ba ne, babu likitan da ya iya komai. Amma jimla biyu ba za su gagara ba: akwai wani aiki, ni ba na yinsa, ga dalilina, idan kana so ga wanda za ka gani. Majiyyacin da aka yi wa haka ba ya komawa gida ya ci karo da labarin a intanet ya fara zargin likitansa. Mai yiwuwa ma likitanka ya ga wani abu a hotonka da ya rufe maganar tun farko, ya dai yi ƙarancin bayani ne.

Ka koma wurinsa ba da tuhuma ba. Ka ce masa, Likita, na ji labarin aikin hula, ina so in san ko na dace da shi. Ka tambaye shi girman kan ƙashinka a milimita, ko akwai ramuka ko mataccen wuri a ciki, yaya zurfin kwarminka, yaya ƙarfin ƙashinka. Ka gaya masa gaskiyar irin rayuwar da kake son komawa, domin amsar mai son gudu dabam take da ta mai son tafiya ba ciwo. Idan amsoshin sun nuna ka dace kuma ranka yana kai, ka nemi ra'ayi na biyu wurin likitan da yake yin aikin biyu duka, tunda shi ba shi da dalilin tura ka ɓangare ɗaya.

Kada dai neman ya ɗauke ka shekaru. Yayin da kake jira tsokar ƙugu tana ramewa, ramukan cikin kan ƙashin suna girma, kuma kan da ya dace da hula bana yana iya zama bai dace ba baɗi. Idan kana shan magungunan kashe ciwo irin su diklofenak ko ibuprofen kullum, ka sani daɗewa a kansu yana taɓa ƙoda, ita kuwa lafiyar ƙoda sharaɗi ce a wannan aikin. Kafin ka je ganin likita na biyu, ka yi gwajin ƙoda, ka kuma nemi sabon hoton ƙugu, na gaba da na gefe, wanda aka ɗauka da alamar awo a jikinsa don a iya auna girman kan daidai.